Farin shafen Golden na zanen azurfa: wata tara ina aiki da shi a Kano

Duk mai zoben azurfa a yatsa yana yawo da alƙalami bai sani ba. Cire shi ka goga gefensa a jikin kalandar bango, irin mai santsin nan, za ka ga siririn layi ruwan toka ya bi bayansa. Ka koma kan takardar littafin rubutu ka goga, babu abin da zai fito sai ɗan kwarmi. Zoben dai shi ne, takardar ce ta bambanta. Ta kalandar an shafe fuskarta da farin yumɓu ko alli tun daga masana'anta, shafen ne ya kankari azurfar ya riƙe ɓurɓushinta. Nan ne duk sirrin abin da Turawa ke kira silverpoint yake, ni kuma nake ce masa zanen azurfa. Ba azurfar ke rubutu a kan takarda ba, takardar ce ke cin azurfar. Don haka wanda zai shiga wannan harka, kafin ya tambayi wace waya zai saya, ya fara tambayar da me zai shafe takardarsa.

Wata tara ke nan ina aiki da ruwan shafen da kamfanin Golden ke yi musamman don wannan aiki, mai suna Silverpoint/Drawing Ground. Na fara da shi a tsakiyar hunturu, na ratsa zafin bazara da shi, ga shi yanzu damina ta yi nisa. Ina ganin na san halinsa yadda zan iya faɗa wa ɗan'uwa mai zane gaskiyar abin da na gani.

Ni malamin zane ne a wata makarantar sakandare, na daɗe ina aiki da fensir da gawayi. Abin da ya ja ni zuwa azurfa wani hoto ne da Albrecht Dürer, shahararren mai zane mutumin Jamus, ya zana na kansa a 1484 yana kallon madubi. Shekararsa goma sha uku a lokacin, sa'an yaran da nake koyarwa a ƙaramar sakandare. Ubansa maƙerin zinariya ne, a maƙerarsa yaron ya fara koyon riƙe ƙarfe. Zanen yana nan har yau a gidan adana zane na Albertina da ke Biyana, babban birnin Ostiriya, fiye da shekara ɗari biyar, gashin kan yaron ɗaya bayan ɗaya ana iya ƙirgawa. A zamaninsu babu fensir irin namu, domin baƙin dutsen da ake ɗura wa fensir sai a ƙarni na 16 aka gano shi da yawa a Borrowdale, arewacin Ingila. Kafin nan, mai son siririn layi mai tsabta sai ya ɗauki ƙarfe. Liyonado da Binci, shahararren mai zanen Italiya, shi ma da ƙarfen ya yi da yawa daga cikin zanen ƙuruciyarsa.

Ƙanin maiɗakina ne ya taho mini da robar shafen daga Ingila, ƙaramar, mai mililita 237. Kamfanin na Amurka ne, a wani ƙaramin gari New Berlin cikin jihar Niyok, tun 1980 suke yin fentin akirilik na masu zane. Abin da ke ciki ba wani boyayyen abu ba ne: ruwan akirilik ne, wato irin fentin nan da ke bushewa ya zama kamar roba, da aka cika shi da wani farin gari da ake kira farin titaniyam. Kaurinsa bai wuce na madarar gwangwani ba, yana zuba sululu, yana da ɗan wari mai hawa hanci da ke gushewa idan ya bushe. Farin titaniyam ɗin shi ne mai aikin. A ma'aunin taurin duwatsu da ke tashi daga 1 zuwa 10, azurfa tana tsakanin 2.5 da 3, alli yana kan 3, tokar ƙashi wajen 5, titaniyam kuwa wajen 6. Duk abin da ya fi azurfa tauri zai kankare ta, wanda ya fi tauri sosai ya fi kankara. Shi ya sa alli kaɗai ke ba da layi dishi-dishi, titaniyam kuma ke ba da layin da ido ke gani daga nesa.

Ranar farko da zobena na gwada. Da na ga abin yana yi, sai na naɗe takarda guda da na shafe na nufi wurin wani dattijo maƙerin farfaru a cikin gari, wanda shi ya ƙera wa mahaifiyata awarwaro tun ina yaro. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, waya nake so ta azurfa, tsawon ɗan yatsa, kaurin tsinken ashana."

"Ta sarƙa ce ko ta zobe, Malam?"

"Ta rubutu ce, Baba."

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "Azurfa ba ta rubutu, ɗana."

Na shimfiɗa masa takardar a kan gwiwa. Ya lalubo wani guntu daga cikin gwangwanin da yake tara ragowar aiki, ya ja layi ɗaya, ya tsaya. Ya sake ja. Sai ya rubuta bisimilla da ajaminsa mai kyau, ya kai takardar bakin ƙofa wurin haske yana juya ta, rubutun yana ɗaukar ido yana ɓacewa. "Ikon Allah," ya ce, "tun kafin a haife ka nake dukanta, ban taɓa sanin tana magana ba."

Waya biyu ya yi mini. Ɗaya daga azurfar kasuwa mai lambar 925, wato kashi 92.5 cikin ɗari azurfa, ragowar jan ƙarfe. Ɗayar daga wadda ta fi tsabta, ya kuma gasa ta a wuta har ta yi ja-ja ya bar ta ta huce, ya ce hakan ke kashe mata taurin da duka da ja suka sa mata. Gaskiyarsa: gasasshiyar ta fi laushi a hannu, ta fi ba da layi mai duhu. Mai kaurin na sa ta a fensirin masu zanen gini mai baki milimita 2, ta zauna daram. Siririyar na tsaga karan alƙalami na cusa ta na ɗaure da zare. Abu guda da ya kamata kowa ya kiyaye shi ne bakin wayar. Kada a fiƙe shi kamar allura, zai yanka shafen ya kai ga takarda. A zagaye shi kamar kan ƙwayar gero, a goge da samfefa mafi laushi, sannan a yi ta murza shi a gefen takardar da aka shafe har ya yi sumul.

To, shafen kansa. Takardun farko guda huɗu duk na ɓata su, kuma laifin ba na robar ba ne, nawa ne da na hunturu. Na farko ban girgiza ba na tsiyaya. Titaniyam abu ne mai nauyi, ya kwanta a gindi, abin da na ɗebo daga sama kusan ruwan akirilik ne zalla. Ya bushe da sheƙi, azurfar tana zamewa a kai kamar ƙafa a kan tayil mai ruwa. Na biyu na girgiza da ƙarfi na shafa nan take, kumfa ta bushe a ciki ta bar ƙananan ramuka. Na uku da na huɗu na yi su da rana tsaka a watan Disamba, taga a buɗe, na kuma labta da kauri don in gama a shafa ɗaya. Kafin burushi ya kai ƙarshen takarda farkonta ya fara bushewa, na koma in gyara sai na tayar da shi, sawun gashin burushin ya zauna kamar kunyoyin gona. Ƙura kuma ta sauka ta liƙe. A fenti ba za ka damu da ƙwayar ƙura ɗaya ba. A zanen azurfa kuwa, bakin waya yana zuwa kanta zai yi tsalle, ya bar baƙin ɗigo da farin zobe kewaye da shi, kuma a tsakiyar inda ka fi so ya yi sumul.

Ga yadda nake yi yanzu, kuma tun da na kama wannan hanya ban sake asarar takarda ba. Takardar fentin ruwa nake amfani da ita, mai kauri, wadda murabba'in mita ɗaya nata ke da nauyin giram 300, irin mai santsin fuska da aka matse da zafi. Mai gurji-gurjin nan ba ta yi, shafen yana bin tudu da kwarinta ne, layi ya fito a kakkarye. Da dare nake liƙe gefunanta huɗu a kan katako da tef na takarda, in juya robar a hankali sama da ƙasa kamar sau talatin, in buɗe in motsa gindinta da tsinke mai tsabta, in rufe in bar ta ta kwana kumfar ta kwanta. Bayan sallar asuba, kafin gari ya tashi a fara shara, nake aikin. Ina yayyafa ruwa a dandamalin ɗakin don ƙura ta lafa, in rufe taga. In motsa robar sau biyu uku a hankali, in zuba cokali ɗaya a ƙaramin faranti, in ɗiga ruwa kaɗan, a hunturu ɗigo biyar ko shida, a damina ko ɗaya ba na sawa. Burushi mai faɗi mai laushin gashi, a jiƙa shi a matse. Daga hagu zuwa dama, layi bayan layi, kowane ya ɗan hau kan na bayansa, kuma inda burushi ya wuce ya wuce ke nan, ko ka ga kamar wani wuri bai ji ba kada ka koma. Sai in kifa babban tire a kai, in tokare gefensa da ashana biyu don iska ta shiga. Shafa ta farko tana fitowa kamar ba a yi komai ba, ana hango takardar ta ciki. Haka ake so. Bayan awa guda in yi ta biyu, wannan karon daga sama zuwa ƙasa.

A nan ne ruwan ya nuna kyansa. Saboda tsinkewarsa, idan aka ba shi 'yan daƙiƙu kafin ya bushe, da kansa yake kwanciya ya share sawun burushi. Takardar tana ɗan kumbura tana jiƙe, tana bushewa ta koma ta miƙe tsaf. Minti ashirin ya isa a taɓa ba ya kama hannu, amma kada wannan ya ruɗe ka. Akirilik yana bushewa daga sama ne, cikinsa da sauran laushi, idan ka sa waya a ranar za ta nutse ta yi kwarmi maimakon ta bar layi. Kwana ɗaya cur nake ba shi, a damina biyu. Kafin in fara zane sai in goge fuskar da tsohon farin ƙyalle mai laushi, a zagaye, ba da ƙarfi ba. Shafa biyu ta isa a takarda. A kan katako uku nake yi, bayan na toshe shi da wani farin fenti tukuna.

Zanen farko da na yi da gaske na butar alwalar kakana ne, ta tagulla, mai lotsawa a ciki ɗaya da ɗinkin dalma a wuya. Na ajiye ta a bakin taga, haske yana zuwa daga hagu. Da wayar ta taɓa takardar sai na ji wani ɗan sauti, siii, kamar tafiyar ƙadangare a kan busasshen ganye daga nesa. Wannan sautin ne ke gaya maka shafen yana ci. Layin ya fito siriri kamar gashi, ruwan toka mai sanyi, ko'ina kaurinsa ɗaya, daga wannan kusurwa ta takardar zuwa waccan babu inda ya fi wani ci. Wannan daidaito shi ne babban abin da kuɗinka ke saya maka. Inuwar cikin butar na gina ta da layuka ne a jere, sannan wasu a gicciye a kansu, sannan wasu a karkace, kamar saƙar tabarma, hawa bakwai ko takwas kafin ta yi duhun da nake so. Lotsawar nan ta ɗauke ni yamma biyu. Amma a ƙarshe ana ganin inda ƙarfen ya shiga da inda ya fito, da ɗan hasken da ke kwance a leɓen ramin, abin da fensir zai dame shi ya zama tabo.

Wanda ya saba da fensir mai laushi ya sani tun yanzu: azurfa ba ta baƙi. Iyakarta ruwan toka mai duhu, ko da wane shafe. Danna hannu ba ya ƙara komai sai rauni a takarda. Akwai kuma inda kaushin shafen ke cika, azurfa ta fara zamewa a kan azurfa, wurin ya ɗauki ƙyalli ya ƙi karɓar ƙari. A kan shafen Golden na fi jimawa kafin in kai wannan iyaka fiye da kowane abu da na gwada, kuma duhun da nake samu ya fi.

Da Afrilu ta zo sai wani amfaninsa ya bayyana wanda ban yi tunaninsa ba lokacin sanyi. Ba wuta, ba fanka, gumi yana bin gwiwar hannu. Kafin robar nan ta iso, da farin fentin gwash nake gwaji, wanda ƙaro ne ke riƙe shi, ƙaron nan dai namu na Yobe da Borno da Jigawa da ake fitarwa waje. Gwash yana karɓar azurfa da kyau, amma ɗigon gumi ɗaya ya isa ya narkar da shi ya tafi da aikin sati guda. Akirilik idan ya bushe ya gama da ruwa. Gumi ya ɗiga a kan zanen ganyen darbejiya da nake yi, na dangwale shi da ƙyalle, ko alama bai bari ba. Sai dai maiƙon hannu daban ne da ruwa. Inda tafin hannu ya daɗe yana kwanciya, azurfa ba ta ƙara kamawa sosai. Don haka kullum akwai farar takarda a ƙarƙashin hannuna, kuma ba na bari yara su shafa, duk da kowa ya gani hannu yake fara miƙowa.

Ban tsaya a kan na kanti ba, domin raina yana son in san abin da su Dürer suka ji a hannunsu. Wani mai zane na Italiya, Cennino Cennini, ya rubuta yadda ake yi wajen shekarar 1400: a samo ƙasusuwan kaza, na fiffike da na gaɓoɓi, a jefa a wuta har su fi toka fari, a niƙa su lilis, a kwaɓa kaɗan da yawu a shafe ɗan katako, almajirin zane ya yi ta koyo a kai. Idan ya cika a goge a sake shafewa. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan tsari ba sai an yi masa bayani ba.

Bayan babbar Sallah na tara ƙasusuwan kaji da na kafaɗar rago, na dafa su na kankare nama da maiƙo, na shanya, na kai maƙerar Baba. A murhun gida baƙi kawai suke yi su tsaya. A maƙera, da yaronsa ya kama zuga-zugi, sai muka ga sun yi baƙi ƙirin, sannan ruwan toka ya fara cin gefunansu, sannan fari ya bi su har ciki. Da suka huce, ɗan yatsa ke murƙushe su kamar biskit. Na niƙa da ruwa a kan dutse, awa biyu kamar yadda mutumin ya ce, na tace da ƙyallen ɗankwali, na bar shi ya kwanta na tsiyaye ruwan sama. Maimakon yawu na jiƙa ƙaro ya kwana, na tace, na kwaɓa da shi. Sai da na yi kwaɓi uku kafin na dace. Ƙaro ya yi yawa, shafen ya yi ƙyalli ya tsattsage. Ya yi kaɗan, ya bi hannu kamar garin alli.

Wanda ya yi daidai ɗin kuwa, ba zan ɓoye ba, ya fi na Golden daɗin taɓawa. Farinsa ba mai kashe ido ba ne, yana da ɗan ɗumi kamar ɓawon ƙwan zabo da aka wanke. Wayar tana tafiya a kai da wani laushi, layin yana fitowa kamar ya tsiro daga cikin takardar ne, ba ɗora shi aka yi ba. Na Golden fari ne fat, mai sanyi, kuma hannun da ya saba zai ji ɗan alamar roba a ƙarƙashin waya. Idan ana maganar daɗi zalla, ƙashi ya ci. Amma daga cikin takardu shida da na shafe da ƙashi, biyu ne suka fito babu gudaji. Ɗaya ta ɓare a gefe da na lanƙwasa ta. Wata kuma da na bari a kan tebur cikin watan Agusta, ta sha danshi ta yi laushi, kyankyaso ya bi ta da dare ya lashe mata kusurwa saboda ƙaron. Na Golden suna kan tebur ɗaya da ita, babu abin da ya taɓa su, kuma ana iya naɗe su a hankali ba su fashe ba.

Farin nan mai yawa yana da magani. Mutanen Italiya na da ma ba a kan fari kawai suke zane ba, suna rina shafensu ruwan hoda ko shuɗi-shuɗi ko ruwan ƙasa, sannan su ɗora haske da farin fenti. Nakan ɗiga ɗigo ɗaya na fentin akirilik ruwan ƙasa a cikin cokali biyu na shafen, in motsa sosai. Yana fitowa kamar launin takardun tsofaffin littattafan malamai. Ɗigo ɗaya dai. Na taɓa sa uku, launin ya yi kyau a ido, amma ya haɗiye layin azurfar, sai ka karkata takardar kafin ka ga zanen.

Maganar gogewa: ana cewa zanen azurfa ba ya goguwa, kuma gara mutum ya shiga da wannan niyya. A kan wannan shafen, layi mara nauyi yana ɗan dusashewa idan aka danna masa robar goge fensir mai laushi, abin da ba zai yiwu a kan ƙashi ko gwash ba tare da an kwashe shafen ba. Layin da aka maimaita kuwa ya zauna. Na gwada sake shafe wurin kuskure, facin yana nunawa ta gefe.

Sauran ƙarafa ma yana karɓarsu. Jar wayar cikin tsohon kebul na lantarki tana ba da layi mai kyau, kuma ba ta buƙatar ko sisi, ita nake ba yara. Na ari ɗan kunnen zinariyar maiɗakina na ja layuka kaɗan a gefen takarda, sun fito ruwan toka mai haske, kuma har yau yadda suke ba su canja ba, domin zinariya ba ta dafewa. Dalma tana rubutu ko a takardar da ba a shafe ba, amma guba ce, ban yarda ta shiga ajina ba.

Azurfa kuwa tana dafewa, kuma wannan ne abin da masu sonta ke jira. Akwai ɗan burbushin farar wuta a cikin iska, shi ke haɗuwa da ita ya juya ta, kamar yadda awarwaro ke yi idan ya daɗe a adaka. Zanen butar kakana da na gama a Janairu, ruwan toka ne mai sanyi a lokacin. Wajen wata na huɗu na lura inuwar cikinta ta fara ɗumi. Yanzu ta koma wani launi tsakanin ruwan ƙasa da makuba, mai taushi, ya dace da tagullar fiye da yadda na zana ta. Shafen bai hana wannan ba, shi kuma bai yi rawaya ba, yana nan da farinsa. Ana iya gaggauta abin da gwaiduwar dafaffen ƙwai, a rufe ta da zanen a cikin kwali ba tare da sun taɓa juna ba. Na gwada a kan wani ƙarami, ya juya cikin kwanaki, amma gefen da ke kusa da ƙwan ya fi ɗayan duhu. Ban ƙara ba. Kuma kada a fesa wa zanen maganin riƙe gawayi, ba ya buƙata, zai ma toshe shi daga iska.

Saura tsada da samu. Ban gan shi a shagunan kayan zanen da nake zuwa a Kano ba, sai dai saƙo ko oda ta intanet, kuma da canjin dala da kuɗin jirgi, ƙaramar robar tana iya cin abin da zai sayi fensira da takardun zango guda. Abin da ke rage zafin shi ne auki. Na shafe takarda kusan arba'in masu girman littafin rubutu babba, kowace shafa biyu, da katako uku, robar ba ta wuce rabi da yawa ba. A rufe ta da kyau, a goge bakinta, a ajiye ta inda rana ba ta bugu.

Wanda yake so ya ɗanɗana kawai ya ga ko abin zai shiga ransa, ba sai ya jira saƙo daga waje ba. Farin gwash yana yi idan zai kiyaye ruwa. Farin jeso na akirilik da ake shafe kyanbas da shi yana yi, sai dai kaushinsa ya yi yawa, yana cinye waya yana ba da layi mai tsakuwa, dole a tsinka shi a kuma bi shi da samfefa. Har farin fentin bango mara ƙyalli na gwada, ya karɓi azurfa, da shi nake shafe kwalayen da yara ke koyo a kai, amma ba zan ɗora aikin wata guda a kansa ba. Wanda kuwa ya riga ya san zai zauna a wannan aiki, yana zanen da zai sayar ko ya ba wani ya rataye a ɗakin da zai ga hunturu da damina, ya sayi na Golden. Ni da shi nake duk aikin da zai bar hannuna. Ƙashi na bar shi ga ƙananan zanen da nake yi wa kaina a lokacin rani.

A watan Mayu na zana wa Baba awartakinsa da ƙaramar gudumarsa, a kan takardar da na ɗan rina, da wayar da shi ya ja da hannunsa. Ya ƙi a sa masa gilashi, ya kafe ta da ƙusa a bangon maƙera sama da inda yake zama. Asabar ɗin da ta wuce na leƙa gaishe shi, na tarar hayaƙin wurin ya sa layukan sun riga nawa na gida juyawa, sun yi ja-ja kamar an zana da ruwan goro. Ya sa yaronsa ya kaɗe mata ƙura da gefen riga. Da zan tafi ya ce, "Malam, idan za ka dawo ka taho mini da irin takardar nan guda biyu. Akwai wani ɗan kunne da nake so in ga fasalinsa kafin in sa a wuta."